Tambayoyinku: Ɗana zai sayi bindiga a Amurka, wai can ba permi ba komai

TAMBAYA: Salam Malam, da fatan kana lafiya ya aiki. Dan Allah ina da tambaya, ɗana yana Amurka a garin Houston, yana tuƙa tirela yana kai kaya gari gari, to rannan muna waya yake ce min wai zai sayi bindiga ya riƙa ajiyewa a mota saboda kwanan hanya, wai can kowa ma yana da ita kuma ba permi ba komai. Wlh tun ranar ban yi barcin kirki ba. Da gaske haka ake sayar da bindiga a can, kuma ba za su kama min shi ba? Maman Abba, daga Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kwantar da hankali. Yaron bai yi miki ƙarya ba amma rabin maganar ya faɗa, kuma rabin da ya bari shi ne mai kai mutum gidan yari.

Mu nan Kamaru doka ɗaya ce daga Yawunde har Kusiri, wato dokar makamai ta Disambar 2016, sai da izinin hukuma za ka riƙe bindiga, jandarman Garwa da na Marwa abu ɗaya za su tambaye ka. Amurka ba haka take ba, jihohi 50 ne kuma kowace da nata dokokin a kan na gwamnatin tarayya. Tsarin mulkinsu tun gyaran 1791 ya ba mutane haƙƙin riƙe makami, kotun ƙoli ta ƙara tabbatar da shi a 2008, a 2022 kuma ta soke sharaɗin jihar New York na cewa sai ka kawo dalili na musamman kafin a ba ka izinin fita da bindiga. Amma duk da haka yadda za ka saya da inda za ka shiga da ita, jiha ce ke tsarawa.

Houston a jihar Texas take, kuma gaskiya ne tun 1 ga Satumbar 2021 wanda ya kai shekara 21 kuma doka ba ta hana shi ba zai iya yawo da ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba, fiye da rabin jihohin ma yanzu haka suke. To amma ko a Texas ɗin in shagon mai lasisi ya je sai ya nuna katin shaida, ya cike fom mai lamba 4473, a bincika sunansa a kwamfutar FBI tukunna, wanda aka taɓa yanke wa hukunci kan babban laifi ko kan dukan matarsa ba a sayar masa, kuma ƙarya a fom ɗin nan ita kanta laifi ce babba.

Matsalar ɗanki ita ce sana'arsa, shi ba zaune yake wuri ɗaya ba. Yau yana Texas jibi ya ɗauki lodi zuwa California, to can ko saye ne sai ka jira kwana 10 kafin su miƙa maka, kuma ba sa karɓar lasisin yawo da bindiga na wata jiha sam. Illinois mazauninta sai yana da kati na musamman kafin ya mallaki ko harsashi. New York tun 1911 take neman lasisi a kan ƙaramar bindiga, New Jersey ma tsananin nata ba a magana. Kin ga bindigar da ya fito da ita daga gida halal ɗinsa, yana tsallaka allon iyakar jiha ba shinge ba kowa, ta koma laifi alhali bai ma sani ba, sai ranar da ɗan sanda ya tsayar da shi kan fitilar baya da ta mutu ya leƙa ya ce akwai makami a motar nan? Akwai dokar tarayya ta 1986 da ta ba matafiyi damar wucewa, amma sai an cire harsashi an kulle bindigar a akwati inda hannu ba zai kai ba, kuma ta halatta a inda ya taso da inda zai sauka. To bindigar da ke kulle haka wace kariya za ta ba shi da tsakar dare? Ga shi kamfanonin tirela da yawa su da kansu sun hana direba shiga motarsu da makami, aikin ma zai iya rasawa.

Sannan Hajiya ki tambaye shi wace takarda yake zaune da ita, nan ne na fi jin tsoro. Mai girin kad, wato katin zama na dindindin a Amurka, doka ta yarda ya saya, wanda ba shi da takardu an hana shi gaba ɗaya. Kuma ko mai girin kad ne in kotu ta same shi da laifin bindiga za a iya koro shi gida, shekarun wahala duk su tafi a banza. Ni dai a ganina kar ya saya, ya riƙa kwana a manyan tashoshin tirela masu haske da jama'a. In ya kafe sai ya saya to ya fara zama da lauyan da ya san harkar baƙi, ya yi lasisin Texas ɗin duk da ba dole ba ne tunda jihohi da dama suna karɓarsa, kuma dan Allah kar ya yarda ya sayo wa wani da sunansa, wannan tun 2022 hukuncinsa zai iya kai shekara 15.

TAMBAYA: Malam na samu bizar karatu zan tafi Amurka, abokina da ke can ya ce zai kai ni wurin koyon harbi, ba matsala? Ɗalibinka daga Injamena.

AMSA: Barka, Allah ya ba da sa'a. Akwai matsala ƙanena. Dokar tarayya ta hana wanda ya shiga da biza irin taka riƙe bindiga ko harsashi, ko da ta haya ce a wurin harbi, sai in yana da lasisin farauta na wata jiha ko wani izini na musamman, kuma sassaucin jiha irin Texas ko Arizona ba ya goge wannan. Makarantu da yawa ma sun hana makami a harabarsu. Kafin ka bi abokin naka ko'ina ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku ka tambaya, su ba ka amsa a rubuce.