Ƙwayoyin Ƙara Kuzari a Wasanni: A Halatta Su ko a Ci Gaba da Farauta?

Wasiƙun da suka iso filinmu na Tambaya da Amsa a wannan karon sun karkata ne kan shan ƙwayoyin ƙara kuzari a manyan wasanni. Mun zaɓi huɗu daga ciki, mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Ni malamin motsa jiki ne a wata makarantar sakandare. Tun ina yaro nake jin ana kama 'yan wasa, har yau kuma ba a daina sha ba. Tun da an kasa hanawa, me zai hana a halatta wa kowa, likitoci su riƙa lura da su, a huta da munafunci? (Daga wani malami a Zariya)

Amsa: Malam, akwai likitoci da masana falsafa da suka daɗe suna faɗin wannan magana taka, kuma hujjojinsu suna da ƙarfi. Sukan ce ai tun asali ba a taɓa yin daidaito a fili ba. Eero Mäntyranta, ɗan ƙasar Finland da ya ci lambobin Olamfik 7 a tseren kan ƙanƙara tsakanin 1960 da 1968, an haife shi ne da wata halitta da ke sa jikinsa ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini fiye da na sauran mutane. Masu gudun famfalaki na Kenya kuma suna atisaye a garin Iten, mai tsayin kusan mita 2,400 daga doron teku, inda ƙarancin iska ke tilasta wa jiki ya ƙara jini. To idan wani ya samu wannan fifiko daga haihuwa, wani ya samu daga tudun garinsu, me ya sa wanda ya nema da allura zai zama ɓarawo?

Hujjarsu ta biyu ita ce gwajin kansa yana da rauni. Lance Armstrong ya lashe tseren keke na Faransa sau 7 a jere daga 1999 zuwa 2005, yana alfahari da cewa an gwada shi sau ɗaruruwa, kuma abin da ya kayar da shi a 2012 shi ne shaidar abokan tserensa. Da aka ƙwace kambunan, ba a ba kowa su ba, domin da yawa daga cikin waɗanda suka biyo bayansa su ma hannunsu ba tsabta. A yau ma har an samu attajirai da suka kafa wata gasa mai suna Enhanced Games, inda aka yarda a sha a fili, kuma a 2025 sun biya wani ɗan ninƙaya na ƙasar Girka dala miliyan ɗaya saboda ya ninƙaya mita 50 cikin daƙiƙa 20.89.

Duk da haka ban gamsu ba, kuma dalilina yana cikin yadda magungunan suke aiki. Ɗauki EPO misali. Sinadari ne da ƙoda ke fitarwa, shi ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, kuma an samar da na allura ne domin masu ciwon ƙoda da jininsu ya yi ƙasa. Idan mai lafiya ya yi allurarsa, jininsa zai ɗauki iska da yawa, ba zai gaji da wuri ba, amma jinin zai yi kauri, zuciya ta riƙa wahalar tura shi, har ya iya daskarewa a jijiya. Likita zai iya cewa ga iyakar da ba ta da haɗari sosai. Amma ita gasa neman wuce na kusa da kai ce, don haka duk iyakar da aka sa, wanda ya ƙetare ta kaɗan shi zai yi nasara. An ma gwada hakan: a 1997 hukumar tseren keke ta duniya ta ce duk wanda jajayen ƙwayoyi suka haura kashi 50 cikin ɗari na jininsa a dakatar da shi na ɗan lokaci, sai masu tseren suka mayar da wannan adadi abin da ake auna allura da shi, wasu kuma suna tsarma jininsu da ruwan gishiri kafin masu gwaji su iso. Ka ga ke nan ko an halatta, sai an ci gaba da gwaji don a tabbatar ba a wuce iyaka ba, munafuncin da kake gudu yana nan daram.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne wanda ba ya son sha. Ranar da aka halatta, yaron da ya ƙi allura ya bar sana'ar ke nan, domin ba zai iya kamo masu yi ba. Kuma manyan 'yan wasa tun suna ƙanana ake renonsu, a shekarun da mai horarwa ya fi uba iko a kansu. A tsohuwar Jamus ta Gabas, gwamnati ce da kanta ta tsara ba wa 'yan mata ƙwayar Oral-Turinabol ana ce musu bitamin ne. A gasar Olamfik ta Montreal a 1976 matan ƙasar suka kwashe zinare 11 daga cikin 13 na ninƙaya, daga baya kuma da yawansu suka tarar da ciwon hanta, murya ta zama ta maza, haihuwa ta zo da matsala. Duk wannan likitoci ne suke lura da shi, Malam. Da aka gurfanar da shugaban wasannin ƙasar, Manfred Ewald, da babban likitan shirin a shekarar 2000, an same su da laifi, amma ba wanda ya shiga gidan yari. Kai da kake da ɗalibai a hannunka, ka fi ni sanin cewa yarinya 'yar shekara 15 ba ta iya ce wa mai horar da ita a'a. Shekarun Kamila Valieva ta Rasha ke nan lokacin da batun maganin zuciya da aka gano a fitsarinta ya fashe ana tsakiyar gasar Olamfik ta hunturu a 2022, kuma ita aka dakatar shekara 4.

Tambaya: Na ji an taɓa dakatar da mai tsaron gida André Onana saboda ya sha maganin matarsa bisa kuskure. Ina adalci a hukunta mutum kan abin da bai yi niyya ba? (Daga wata ma'aikaciyar jinya a Maraɗi)

Amsa: Hajiya, haka aka yi. A watan Fabrairun 2021, lokacin yana Ajax, an dakatar da shi wata 12 saboda an gano furosemide a fitsarinsa, ya ce ya ɗauki ƙwayar matarsa ne yana zaton maganin ciwon kai ne, kotun sauraron ƙararrakin wasanni kuma ta rage hukuncin zuwa wata 9. Ke da kike aikin asibiti kin san furosemide ba ya ƙara wa kowa ƙarfi, fitsari kawai yake sa wa. An hana maganin ne domin ana amfani da shi wajen wanke wata ƙwayar daga jiki kafin gwaji.

Ƙa'idar da WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, ke bi, tun bayan kafa ta a 1999, ita ce ɗan wasa ne ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Ƙa'ida ce mai tsauri, amma ban ga abin da zai maye gurbinta ba, domin idan aka ce sai an tabbatar da niyya, kowane wanda aka kama zai zo da labarin shayin da aka ba shi a gidan biki. Inda ake duba niyya shi ne wajen tsawon hukunci: wanda ya yi da gangan shekara 4 ne, wanda ya iya nuna ta inda abin ya shige shi ana sassauta masa.

A nan ne nake ganin rashin adalcin yake, domin nuna ta inda abu ya shiga jiki kuɗi yake ci. Jannik Sinner, gwarzon tanis na Italiya, an gano clostebol, wani sinadarin ƙara ƙarfin tsoka, a jikinsa a 2024, nan da nan lauyoyinsa suka kawo bayanin cewa mai yi masa tausa ne ya fesa maganin a nasa yatsan da ya yanke, sannan ya yi masa tausa, kuma a ƙarshe ya daidaita da WADA kan wata 3 kacal. Paul Pogba ya ɗaukaka ƙara, shekara 4 ta koma wata 18. Ba na cewa ƙarya suka yi. Ina cewa matashin da ke gudu da takalmin aro, wanda ya sayi maganin mura a kemis ɗin unguwa, ba shi da kuɗin aika kwalba ɗakin bincike a Turai, don haka shi cikakken hukunci zai sha ko da gaskiyarsa ta fi tasu.

Tambaya: Shin ba tsangwamar 'yan Afirka ake yi ba? Blessing Okagbare an ba ta shekara 11, amma manyan ƙasashe suna sha suna tsira. (Daga wani ɗalibin jami'a a Kaduna)

Amsa: Ɗan'uwa, batun Okagbare ba shi ne za ka kafa hujja da shi ba. An cire 'yar tseren ta Najeriya daga gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 bayan ta riga ta yi zagayen farko na mita 100, an gano sinadarin ƙara girman jiki da kuma EPO a samfuranta, ta kuma ƙi ba masu bincike haɗin kai, shi ya sa hukuncin ya yi nauyi. Wanda ya kawo mata kayan, wani mai ba da magani a jihar Texas mai suna Eric Lira, shi ne mutum na farko da Amurka ta tuhuma a ƙarƙashin sabuwar dokarta ta hukunta masu safarar irin waɗannan ƙwayoyi, kuma ya amsa laifinsa. Ɗaurin wata 3 aka yi masa. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, amma dubi ratar da ke tsakanin hukuncin mai sha da na mai sayarwa.

A gasar ta Tokyo dai an hana wasu 'yan Najeriya 10 shiga fili, kuma su ba a same su da komai ba. Laifin na masu kula da wasannin guje-guje na gida ne, da ba su yi musu adadin gwajin ba-zata da doka ta shar'anta kafin gasa ba. Wannan sakaci namu ne, bai kamata mu ɗora wa wani ba.

Inda kake da gaskiya shi ne ƙasa mai ƙarfi tana iya abin da ɗan wasa shi kaɗai ba zai iya ba. A gasar hunturu ta Sochi a 2014, ta wani rami da aka huda a bangon ɗakin gwaji aka riƙa musanya fitsarin 'yan wasan Rasha cikin dare, kamar yadda shugaban ɗakin, Grigory Rodchenkov, ya tona daga baya, amma 'yan Rasha suka ci gaba da zuwa Olamfik, tutarsu da taken ƙasarsu kawai aka hana su. A 2024 kuma aka gano cewa 'yan ninƙayar China 23 sun faɗi gwaji a 2021, aka karɓi bayanin cewa kicin ɗin otal ɗinsu ne ya gurɓace, ba a ko sanar da duniya ba.

Sai dai ka tuna cewa Najeriya tana cikin waɗanda masu sha suka fi cuta. A Sydney a shekarar 2000, a gudun miƙa sanda na mita 400 sau huɗu, Clement Chukwu da Jude Monye da Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong sun zo na biyu a bayan Amurka. A 2008 ɗaya daga cikin Amurkawan, Antonio Pettigrew, ya amsa cewa yana sha a wancan lokaci, amma sai a watan Yulin 2012 aka tabbatar wa Najeriya zinaren. Sunday Bada ya rasu a Disambar 2011, bai gan shi ba. Ita kanta Okagbare tagullar da ta ci a dogon tsalle a Beijing a 2008 ta koma azurfa ne bayan an sake gwada tsohon samfurin Tatyana Lebedeva ta Rasha, domin yanzu ana adana samfura har shekara 10. Tsofaffin masu kallo kuma ba su manta ba, bayan wasan da Ajantina ta ci Najeriya 2 da 1 a gasar cin kofin duniya ta 1994 ne aka gano haramtaccen sinadarin ephedrine a fitsarin Maradona. Shi aka kora, sakamakon wasan kuwa aka bar shi yadda yake.

Tambaya: Ƙanena ɗan dambe ne, yana fatan shiga damben zamani. Goro da tramol suna cikin abubuwan da aka hana? (Daga wani ɗan kasuwa a Gusau)

Amsa: Alhaji, goro ba ya ciki. Sinadarin da ke wartsake mai cin goro shi ne wanda ke cikin gahawa da shayi, kuma an cire shi daga jerin haramtattu tun 2004, ko da yake ana ci gaba da sa masa ido. Tramol kuwa an hana shi a lokacin gasa daga ranar 1 ga Janairun 2024. Masu tseren keke sun riga kowa hana shi tun 2019, har aka soke matsayi na shida da Nairo Quintana na Kolambiya ya samu a tseren Faransa na 2022 saboda shi. Ga ɗan dambe haɗarinsa ya ma fi, domin yana kashe zafi, mutum ya ci gaba da karɓar naushi a kai alhali jikinsa ya riga ya nemi a tsaya, ga kuma farfaɗiya da yakan jawo idan an sha da yawa.

Ka kuma gargaɗe shi kan haɗe-haɗen ƙarin ƙarfi da ake sayarwa a kwalba ba tare da an rubuta abin da ke ciki ba, domin wasu masu haɗawa suna zuba maganin bature a ciki, shi kuma ba zai sani ba sai ranar gwaji. Idan yana da ciwon da ke buƙatar maganin da aka hana, kamar asma, akwai takardar izini ta musamman da likita zai cika masa, kuma tun kafin gasa ake nemanta.