Amsa ga mai tambaya kan littafin farko na matasa

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Tun jiya na ga tambayarki, inda kika ce kina rubuta littafinki na farko na matasa, kina so waɗanda suka riga suka fitar da nasu su faɗa miki su waye suka yi tasiri a kansu da yadda suke samun lokacin rubutu, kika kuma ce babban tsoronki shi ne duk abin da kika rubuta sai ki ji muryar marubuciyar da kika fi so ce ke fitowa ba taki ba. Na bari ne sai na samu natsuwa don amsar ba ta layi biyu ba ce. Nawa littafin bara ya fito, shi ne na farko, kuma shekara uku da 'yan watanni na yi ina fama da shi, to abin da na gani da idona zan faɗa miki.

Wannan tsoron naki ki ajiye shi gefe tukuna. Babu marubucin da ya faɗo daga sama. Ki duba Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, an yi shi ne don yara 'yan makaranta su karanta, kuma Abubakar Imam bai ƙirƙiri duka labaran ciki ba, da yawa ya ɗauko su daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa da na wasu ƙasashe, amma ya juya su ya sa musu bakin Hausa har yau mutum zai karanta ya rantse a nan aka haife su. Ni daga wurinsa na koyi abu ɗaya da nake amfani da shi kullum, wato yadda akun nan na cikin littafin yake riƙe ɗan sarki da labari bayan labari don kar ya fita. Mai karatu ɗan shekara sha biyar shi ma haka yake, ƙafarsa ɗaya na bakin ƙofa, wayarsa na gefe tana haske, in babinki bai riƙe shi ba ya tafi kenan. Kafin Imam ma akwai kakata, Allah ya jiƙanta, da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, ita ta iya yanke labari daidai inda ranka ya fi so, ta ce sai gobe. Ƙarshen kowane babi nawa daga wurinta na samo shi.

Amma in gaskiya kike so, wadda ta fi kowa gyara mini littafi ba marubuciya ba ce, 'yar yayata ce, lokacin shekararta sha biyar. Da na gama rubutun farko ina jin na yi abin a zo a gani, na buga mata babi biyar a takarda na ba ta fensir na ce duk inda kika gaji ki ja layi, kar ki ji kunyata. Bayan kwana biyu ta dawo mini da shi, shafi na uku layi, na bakwai layi, na sha ɗaya kuwa gaba ɗaya ta zagaye shi. Na duba, wurin da jarumata ta tsaya tana yi wa ƙawarta nasiha ne kan illar bin ƙawayen banza, kusan shafi guda tana magana ba numfashi. Na ce me ya faru a nan, ai magana ce mai kyau. Ta yi shiru tana murza fensirin, can ta ce "Anti, babu wadda take magana haka a ajinmu, wannan ke ce kike magana ba ita ba." Wallahi ranar ban yi barci sosai ba, saboda gaskiya ta faɗa. Ina ta tsoron kar muryar wata marubuciya ta shigo mini, ashe muryar da ta cika littafin tawa ce ta babbar mace mai son yi wa yara faɗa, na sa wa yarinya 'yar sha shida ita a baki.

Mu da yawa da niyyar faɗakarwa muke shigowa rubutu, kuma niyya ce mai kyau, ni ma har gobe da ita nake. Sai dai matashi yana jin ƙanshin wa'azi tun daga nesa, a gida ana yi masa, a makaranta ana yi masa, in ya buɗe littafi ya sake tarar da shi rufewa zai yi. Abin da na yi sai na cire nasihar gaba ɗaya, na bar jarumar ta bi ƙawar, ta yi ƙaryar, ƙaryar ta kama ta a gaban wadda take jin kunya fiye da kowa, mai karatu ya zauna da ita cikin wannan kunyar. Da na sake ba wa 'yar yayar tawa wurin ba ta ja layi ko ɗaya ba, sai tambayata take yi to yanzu ya za ta yi.

Daga nan na koma neman muryar inda take. Na tono wani tsohon littafin lissafi na aji uku na sakandare wanda a bayansa nake rubuta damuwata, na zauna na karanta, abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙananan abubuwa ne suka cika shi, wadda ta daina gaishe ni, malamin da ya karanta makina a gaban aji, wata rana da aka yi dariyar takalmina. A lokacin waɗannan su ne duniya gaba ɗaya. Idan kika rubuta su kina ganin ƙanana ne, mai karatunki zai gane kin raina shi. Akwai wata Ba'amurkiya S. E. Hinton, tana makarantar sakandare ta fara rubuta The Outsiders, ya fito a 1967 tana da shekara 18, kuma abin da ya tura ta shi ne littattafan da ake yi wa sa'anninta a lokacin ba su yi kama da rayuwar da take gani ba. Mu da muka wuce shekarun sai mun yi aiki kafin mu dawo wurin, shi ya sa nake yawan zama kusa da yara 'yan sha huɗu zuwa sha bakwai in yi shiru ina saurare, yadda suke katse juna, yadda suke cewa "ba komai" alhali komai ne.

Maganar lokaci kuma, ni ina aiki kuma ina da iyali, ban taɓa samun yini guda cur na rubutu ba. Minti arba'in da asuba kafin gida ya tashi, shi kenan, a waya nake taifin da babban yatsa. Na ɗora wa kaina kalma 500 a rana, ki lissafa, kwana 120 ya ba ki 60,000, kuma littafin matasa da ake rubutawa don 'yan shekara 12 zuwa 18 galibi tsakanin kalma 50,000 ne zuwa 80,000. Akwai ranakun da ban kai ko ɗari ba, akwai wata biyu da ban taɓa shi ba sam lokacin da aka yi mana rashi. Don Allah kuma ki dinga tura wa kanki kwafi ta imel ko ki sa a Google Docs duk ranar da kika yi rubutu, ni babi uku suka tafi da wayata ta mutu, na yi kuka kamar me, kuma da na sake rubuta su ba su dawo yadda suke ba.

Rubutun farko wata takwas ya ɗauke ni, sauran shekara biyu da rabin duk gyara ne. Ya fito kalma 92,000, wanda aka buga 61,000 ne. Babi biyu na farko duk na zubar saboda tarihin iyaye da kakanni ne, labarin bai fara ba sai a babi na uku ranar da aka canza wa jarumar makaranta. Na kuma juya shi daga "ta ce, ta yi" zuwa "na ce, na yi", wannan kaɗai wata huɗu ya ci, amma a nan ne muryar waccan marubuciyar da nima nake kwaikwayo ta ɓace da kanta, don yarinyar da ke ba da labarin ba ta san irin waɗancan dogayen jimlolin ba. Ina karanta kowane babi da ƙarfi, inda harshena ya sarƙe na san akwai matsala.

In kina tunanin sa shi a Wattpad, manhajar nan da marubuta ke ɗora labaransu mutane su karanta, babi-babi, yana da amfani, za ki ga inda masu karatu suke tsayawa, amma shawarata ki gama labarin har ƙarshe kafin ki saki babin farko, don in suka fara cewa a haɗa wance da wane za su ja ki inda ba ki yi niyya ba. Ni kamfanonin buga littattafai biyu suka mayar mini da littafin kafin na uku ya karɓa, ɗaya ma bai ba ni amsa ba sai bayan wata bakwai, a wannan jiran na fara na biyu wanda yanzu nake babi na tara.

Ki nemo yarinya ko yaro ɗaya mai shekarun jarumarki, wanda ba ya tsoron faɗa miki gaskiya, ki ba shi babi uku da fensir a wannan satin. In ya dawo miki da shi ki zo ki faɗa mana inda ya ja layi, in sha Allah zan zauna mu duba wuraren tare.