Ga mai neman irin wisteriya da hanyar zuwa Ingila

Ɗana, saƙonka ya iso. Tun da hoton nan ya zaga Facebook nake samun tambaya iri ɗaya daga gida, shi ya sa zan amsa maka a fili, kowa ya karanta in huta. Abu biyu ka nema: in aiko maka da irin furen nan shunayya da ka gan ni tsaye a ƙarƙashinsa ka shuka a tsakar gidanku, sannan in nuna maka hanyar da za ka zo Ingila ka kama aikin lambu, tunda a cewarka aikin bai wuce ban ruwa da shara ba. Ka gaishe mini da mahaifiyarka. Amma maganar ban ruwa da shara ta ɓata mini rai, don haka sai ka yi haƙuri da abin da za ka ji.

Sunan shukar wisteriya. A watan Mayu aka ɗauki hoton, kuma furen nan mako biyu zuwa uku yake yi ya zube. Yanzu da nake rubuto maka muna cikin Janairu, in ka ga bangon ba za ka yarda shi ne ba. Ba ganye ko ɗaya. Sai rassa toka-toka da suka murɗe juna kamar igiyar guga, da kwanson 'ya'yanta na reto a sama. A wannan lokacin ne aikinta yake, kuma babu mai ɗaukar hotonsa.

Sau biyu ake datse ta a shekara. A Yuli ko Agusta ana rage dogayen sabbin rassan da ta jefo, a bar ganye biyar ko shida a kowanne. A Janairu ko Fabrairu a koma kan rassan nan dai, a sake rage su zuwa ido biyu ko uku. Daga gindin waɗannan gajerun rassan furen Mayu zai fito. Dole ka iya bambance idon fure, wanda ya fi kauri, da idon ganye mai siriri, alhali kana saman tsani, yatsunka sun sandare cikin safar hannu, almakashi na neman kuɓuce maka. In ka datse da ka, ka yanke furen shekara guda, kuma mai gida ba zai gane ba sai bazara ta zo bangonsa ba komai. In ka ƙyale ta kuma, ta shige ƙarƙashin rufi, ta ɓalle bututun ruwan sama, ta lanƙwasa ƙarfen baranda. Tana da ƙarfin da ba ka zata.

Ga gajartar yini. A Disamba rana ba ta fitowa a Landan sai wajen ƙarfe 8, kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba suna bin juna a cikin 'yan awoyi, ni kuwa ina lambun wani, ba inda zan yi alwala sai famfon waje mai ruwan ƙanƙara. Akwai gidan da na yi wa aiki tsawon hunturu, matar gidan tana kallona ta taga, ko ban ɗaki ba ta taɓa cewa in shiga ba. Da sanyin ƙarshen Afirilu ya ƙona mata idanun furen cikin dare ɗaya, ni ta ɗora wa laifi, ta ce ban san aiki ba, ta riƙe mini kuɗin mako. A shekarar nan duk layin nasu abin da ya faru ke nan, har gidajen da ban taɓa takawa ba. Na zo ƙasar nan da digirin aikin gona daga gida, babu wanda ya tambaye ni shi. Sai da na koma aji da dare na yi jarrabawar mataki na biyu ta ƙungiyar masu lambu ta RHS kafin wani ya yarda ya miƙa mini tsohuwar wisteriyarsa. Yau akwai gidajen da ba sa barin kowa ya taɓa tasu sai ni, sukan kira tun Nuwamba su kama rana. Alhamdu lillahi, amma gwiwoyina sun san abin da suka biya.

To, maganar iri. Ba zan aiko maka ba, kuma ba rowa ba ce. Wisteriya dangin wake ce da gyaɗa da ɗorawa, shi ya sa take yin kwanso. Tsawonsa yakan kai santimita 10 zuwa 15, da laushin gashi-gashi a jikinsa in ta Sin ce ko ta Japan. Yana kwana a jikin reshe duk hunturu yana bushewa. Ranar da aka samu iska busasshiya da ɗan hasken rana, sai ɓangarorinsa biyu su murɗe, ya fashe da ƙara, tas, ya cilla ƙwayoyin nesa, har su bugi gilashin taga. Ƙwayar faffaɗa ce, ruwan ƙasa, mai sheƙi, irin abin da yaro zai tsinta ya kai baki. Guba ce. Kaɗan daga cikinta na sa amai da gudawa da murɗar ciki, ga yara da karnuka. Duk gidan da ke da ƙananan yara nakan cire kwanson tun kafin ya bushe, in tattara in fitar. Kai kuma kana so in sa wannan a ambulan in aika gidan da ƙannenka ke wasa a ƙasa, ga awaki, ga kaji.

Ko da ka tsare ta daga yara, wahalar banza za ka yi. Wadda aka shuka daga ƙwaya tana iya kai shekara 20 ba ta yi fure ba, in ta yi ma ba lallai ya yi kama da na uwar ba. Masu sayar da shuka a nan mai aure suke sayarwa, yadda ka san ana yi wa mangwaro, kuma mai wayo ba ya saye sai ya gan ta da fure a tukunya. Sannan shuka ce ta ƙasashen sanyi, tana bukatar ta zubar da ganye ta yi barcin hunturu. Daga Sin aka kawo ta Ingila a 1816, kuma akwai wata a bangon tsohon kamfanin giya na unguwar Chiswick da ake cewa tun wannan zuwan take. Ta Sin tana nannaɗe abin da ta kama saɓanin tafiyar hannun agogo, ta Japan kuma tana bin hannun agogo, da haka nake gane su a hunturu ba fure ba ganye. Zafin Afirilun garinmu ba nata ba ne. In inuwa da fure kake so a bango, je wurin masu sayar da shuka a bakin titi ka sayi bugenbiliya, za ta yi maka abin da kake so a damina ɗaya.

Sai maganar zuwa, wadda na san ita ce ainihin dalilin saƙon. Babu biza mai suna bizar aikin lambu a gidajen mutane. Akwai ta ma'aikatan kaka, ta tsinkar 'ya'yan itace da kayan lambu a gonaki, wata shida ce kacal, ba a zuwa da iyali, kuma sai ta hannun kamfanonin da gwamnati ta amince da su. Ta ƙwararrun ma'aikata kuwa, tun Yulin 2025 mafi ƙarancin albashin da ake nema a yawancin ayyuka fam 41,700 ne a shekara, kuma mai datse reshe bai kama hanyar wannan kuɗin ba. A Yulin 2025 ɗin nan ne kuma aka rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje. Duk dillalin da ya ce ka kawo miliyoyi zai samo maka takardar ɗaukar aiki a lambu, gonar mahaifinka yake so ya ci.

In ta karatu za ka zo, ka san awa 20 a mako aka yarda ɗalibin jami'a ya yi aiki lokacin da ake karatu, kuma an hana shi aikin kansa. Aikin lambu a nan kuwa yawancinsa aikin kai ne, ka yi wa wannan gida yau, wancan gobe. Aka kama ka kana haka da bizar ɗalibi, ka jefa zamanka cikin hatsari. Lissafa da kanka: mafi ƙarancin lada ga mai shekara 21 zuwa sama fam 12.21 ne a awa a lissafin Afirilun 2025. Awa 20 ta ba ka fam 244 da 'yan kai. Hayar ɗaki ɗaya a Landan za ta cinye mafi yawansa, ba a zo kan abinci da jirgin ƙasa ba, balle kuɗin makaranta da fam 776 na lafiya da ake karɓa a kan kowace shekara tun kafin a ba ka biza. Kada ka juya fam zuwa naira a ranka, a nan za ka kashe shi.

Idan da gaske shuka kake so, ba hoto ba, akwai hanya, sai dai doguwa ce. Je ka kama aiki wurin mai renon shuka a garinku, ka koyi aure da dashe da datsa har hannunka ya faɗa. Ka gyara Turancinka. Ka riƙa duba shafin lambun Kew da na Wisley, manyan lambunan Ingila biyu masu horar da masu lambu, da kanka don ka ga irin horon da suke bayarwa da sharuɗɗansa, kada ka biya kowa ya duba maka. Ranar da ka aiko mini hoton bishiyar da ka yi wa aure da hannunka ta kama, za mu yi maganar takardu, in duba maka su ɗaya bayan ɗaya. Kafin nan kada ka sayar da komai, kuma ka faɗa wa mahaifiyarka kuɗin maganinta na tafe ƙarshen wata.