Me Ya Sa 'Yan Wasa Ke Roƙon A Dawo Musu Da Tsohon Gem?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina buga wasannin intanet irin waɗanda dubban mutane ke haɗuwa a duniya ɗaya. Abin da ke ɗaure min kai shi ne, kamfani zai kashe kuɗi ya gyara wasa, ya ƙawata hotuna, ya sauƙaƙa komai, amma sai ka ji mutane na kiraye-kirayen a mayar musu da shi yadda yake shekara goma sha biyar baya. Begen ƙuruciya ne kawai ke damunsu? In kuma da gaske ake so, me ya sa kamfanonin ke jan ƙafa?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Bege yana ciki, ba na musu. Wanda ya fara wasa yana ɗan shekara goma sha huɗu, ba nauyin iyali, abokai kuma suna nan kullum, dole ya riƙa tuna lokacin da daɗi. Amma da bege ne kaɗai, da mutane sun leƙa na mako biyu sun watse. Ba haka aka gani ba, kuma dalilin yana cikin yadda waɗannan wasanni suke.

Gem ɗin da ka saya a faifai yana nan yadda yake, ko bayan shekara ashirin ka saka shi zai tashi. Na intanet kuwa a kan sabar kamfani yake zaune, wato babbar kwamfutar da 'yan wasa ke haɗuwa a kanta, duk sabuntawar da aka yi sai ta hau kan ta baya ta shafe ta. World of Warcraft ya fito a Nuwamba 2004. A Disamba 2010 kamfanin Blizzard ya saki ƙarin da ake kira Cataclysm, wanda ya sake fasalin tsofaffin yankunan wasan, wasu garuruwa suka rushe, aka sauya ayyukan da ake ba ɗan wasa. Daga ranar, wanda ya biya kuɗinsa shekara shida yana yawo a wannan duniya ba shi da halaltacciyar hanyar komawa cikinta. Don haka in ka ji suna cewa a dawo da tsohon, abin da suka saya aka ɗauke musu suke nema.

Sai batun sauƙi da ka ambata, wanda a ganina nan ne zuciyar maganar. A tsohon World of Warcraft, in kana son shiga kogon dodanni, sai ka tsaya a gari kana cigiyar mutum huɗu, ka samo mai warkarwa, ka samo mai tare duka, sannan ku taka da ƙafa har ƙofar kogon. Abin na iya cin awa guda kafin a fara faɗa. Manyan yaƙe-yaƙe kuwa mutum 40 suke buƙata a lokaci ɗaya. A Disamba 2009 aka kawo tsarin da ke haɗa ka da baƙi daga wasu sabobi da danna maɓalli ɗaya, ya kuma jefa ku cikin kogon kai tsaye. Kowa ya ji daɗi, domin wa ke son jira? Sai dai a da, mutanen sabarku su ne mutanenka. In ka yi rowa ko ka kwashe ganimar da ba taka ba, sunanka zai zaga, gobe ba mai ɗaukar ka. In ka iya aikinka, za a riƙa neman ka da suna. Wahalar ce ke sa kowa buƙatar ɗan'uwansa, daga nan abota ke ƙulluwa. Da aka cire ta, sai ka gama kogo da mutum huɗu ba wanda ya ce wa wani uffan. Kowane gyara shi kaɗai yana da hujja, amma da suka taru shekara da shekaru sai suka haifar da wani wasa daban mai tsohon suna.

Kamfanoni sun daɗe ba su yarda da wannan ba. Su a wurinsu, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, magani kuma shi ne a ƙara gyara bana. A taron BlizzCon na 2013, wanda Blizzard ke shirya wa masoya wasanninsa, wani ya tambaya ko za a buɗe sabobin tsohon salo, J. Allen Brack, ɗaya daga cikin jagororin wasan, ya amsa da cewa suna ganin kamar suna so ne, amma ba sa so. Abin da ya karya wannan magana sabobin bayan fage ne, waɗanda masoya ke ginawa da kansu ba da izini ba. Mafi shahara ita ce Nostalrius, wadda ta tara asusu kusan 800,000, kimanin 150,000 daga ciki suna wasa a kai a kai. Lauyoyin Blizzard suka sa aka rufe ta a Afrilu 2016. Mutane sama da 200,000 suka sa hannu a takardar koke, kamfanin ya gayyaci masu sabar suka zauna, a Nuwamba 2017 kuma Brack ɗin nan da kansa ya hau dandamali ya sanar da World of Warcraft Classic. Ya fito a Agusta 2019, layin shiga wasu sabobin ya kai na awanni.

Za ka iya cewa, tunda akwai na bayan fage, me ya sa ake nacewa sai na kamfani? Saboda ta bayan fage ba ta da tabbas. Ka shekara kana gina jaruminka, wasiƙar lauya ɗaya ta share komai. Wasu masu sabobin kuma suna sayar da kayan yaƙi a ɓoye, ba wanda za ka kai wa ƙara. Shi ya sa wasu kamfanoni suka zaɓi sulhu: kamfanin Daybreak ya amince da sabar Project 1999 ta masoya wasan EverQuest a 2015, kamfanin NCSoft kuma ya ba masu sabar Homecoming lasisin gudanar da City of Heroes a Janairu 2024, wasan da aka rufe tun 2012.

Jan ƙafar ba duka taurin kai ba ne. Tsohuwar manhaja an rubuta ta ne don injinan zamaninta, cike take da ƙofofin da masu maguɗi suka riga suka sani, kuma ba ta jituwa da tsarin asusu da tsaro na yanzu. Blizzard sai da ya ɗauko bayanan sigar 1.12 ta 2006 ya ɗora su a kan injin zamani, sannan ya bi abu ɗaya bayan ɗaya yana gwada su da na asali. Akwai tsoron raba jama'a gida biyu, duka su zama kango. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: ba daɗi mutum ya yi shekara goma yana gyara abu, a ce masa na farkon ya fi.

Misalin da na fi so ka duba shi ne RuneScape na kamfanin Jagex da ke Kambirij a Ingila. A Nuwamba 2012 suka sauya tsarin faɗa gaba ɗaya, jama'a suka fusata. Kamfanin ya samo kwafin wasan na Agusta 2007 a ajiyarsa, ya ce a kaɗa ƙuri'a, kusan mutum 450,000 suka ce a dawo da shi. Old School RuneScape ya buɗe a Fabrairu 2013. Bayan 'yan watanni sai jama'a suka fara raguwa, domin wasan da aka daskarar da shi wuri ɗaya yana ƙarewa. Abin da ya cece shi ƙa'ida ce guda da aka kafa a lokacin: za a riƙa ƙara sababbin abubuwa, amma sai kashi 75 cikin ɗari na masu ƙuri'a sun yarda. Ta haka aka shigo da babbar kasuwar wasan a 2015, daga baya aka kai wasan wayar hannu a 2018, har ya zo ya fi sabon RuneScape yawan 'yan wasa. Wannan ya nuna min cewa mutane ba shekarar 2007 suke nema ba. So suke wasan ya ci gaba a kan hanyar da ya baro, kuma a riƙa jin ta bakinsu kafin a taɓa shi.

Akwai abin da ba kamfanin da zai iya dawo da shi, wato rashin sani. A 2005 ƙungiyoyi sun yi watanni kafin su kayar da Ragnaros, babban dodon kogon Molten Core na World of Warcraft. A 2019, da Classic ya fito, ko mako ɗaya ba a cika ba aka kashe shi, domin an riga an rubuta komai, an yi bidiyon komai, kowa ya san makamin da ya fi. Har ta kai wasu ƙungiyoyi ba sa ɗaukar ka in ba ka zaɓi jarumin da lissafi ya ce ya fi ba. Ka shiga da sanin wannan, don kada ka zaci za ka tarar da mutanen 2005 a ciki.

Matsalar da Blizzard ya fuskanta daga baya ta wani fannin ce. Bayan Classic, kamfanin ya sake bin tsofaffin ƙare-ƙaren wasan ɗaya bayan ɗaya: Burning Crusade a 2021, Wrath of the Lich King a 2022, sai Cataclysm a 2024, wato ainihin ƙarin da ya sa mutane suka fara kukan a dawo da tsohon. A hanya kuma aka shigo da sayen tsallake matakai da kuɗi, da sayen zinaren wasa da kuɗin gaske a 2023, abubuwan da masu neman tsohon salo suka gudu daga gare su. Kamfanin ya kuma gwada wasu hanyoyi, kamar sabobin da in jaruminka ya mutu ya tafi ke nan, da Season of Discovery da ya ƙara sababbin dabaru a kan tsohuwar duniyar. In za ka zuba lokacinka a irin wannan wasa, fara bincika ko kamfanin ya faɗi inda sabar za ta dosa bayan shekara biyu, da abin da zai faru da jaruminka in an wuce zuwa ƙari na gaba.