Cinikin ƙasa da ƙasa: wa ke yanka farashi, wa ke ɗaukar asara?

Tambaya: Wani kamfanin waje ya nemi in riƙa tara masa ɗanyen kaya yana saye. Abokaina sun ce cinikin duniya cutar ƙasashe matalauta ne da ma'aikatansu kawai. Gaskiya ne? In shiga ko in bari?

Amsa: Alhaji, cutar tana nan, ba zan ɓoye maka ba. Kodebuwa da Ghana ke noma fiye da rabin kokon duniya, amma manyan kamfanonin cakulan suna Suwizalan da Amurka da Italiya, riba mai tsoka kuma can take kwana. Sai a 2019 ƙasashen biyu suka haɗa kai suka ɗora dala 400 a kan kowane tan don manomi ya ɗan samu sa'ida. Auduga ma haka: a 2003 Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali suka kai kuka Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, saboda tallafin da Amurka ke ba manomanta yana karya farashi a kasuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ma'aikata. Ranar 24 ga Afrilun 2013 benen Rana Plaza ya rufta a Bangaladash, mutum fiye da 1,100 suka rasu, akasarinsu mata masu ɗinka wa kantunan Turai da Amurka tufafi. An ga bango ya tsage tun ana gobe, amma aka tilasta musu komawa bakin aiki, don kada kaya su makara. A 2020 kuma, da korona ta zo, masu sayen suka soke odar kusan dala biliyan 3 a ƙasar, wasu kayan ma an gama ɗinkawa. Mai masana'anta ya rasa kuɗinsa, mai ɗinki ta rasa albashinta.

Duk da haka ba zan ce maka ka bari ba. Koriya ta Kudu da Biyetnam da ciniki suka fita daga talauci, sai dai ba su tsaya ga sayar da ɗanyen kaya ba. Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020, Tarayyar Turai ta kai ta ƙara, amma masana'antun narke ƙarfen suka bunƙasa a cikin gida. Wanda ake ƙwara shi ne mai kayan da kowa ke da irinsu, mai sayensa ɗaya ne tak, ga bashi a wuya, ba ya iya cewa albarka.

To ka duba yarjejeniyar da idon basira kafin ka sa hannu. In sun ce su kaɗai za ka sayar wa, kada ka yarda sai sun ɗaure kansu da yawan kayan da za su ɗauka da farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba. Ka nemi kafin alƙalami, sauran kuɗin kuma banki ya tsaya musu da takardar lamuni, yadda za a biya ka da zarar ka miƙa takardun lodi. Wurin da aka fi cin ƙananan 'yan kasuwa shi ne tantance inganci: in sai kaya sun isa can za a duba, suna iya cewa akwai danshi ko datti su zaftare farashi, kai kuwa ba ka da halin dawo da kwantena. A duba a tashar da za a yi lodi, a hannun mai binciken da kuka amince da shi ku biyu.

Ka kuma ƙara wa kayan daraja ko da kaɗan ne, tsaftacewa da rarrabewa da zubawa a buhu mai sunanka. Sannan ka fitar da haƙƙin manoma da leburori tun cikin lissafin farko. In farashin da suka taya ba zai biya su yadda ya kamata ba har ka samu riba, ka ce albarka, ka nemi wani mai sayen.