Ba bara ba ce ƙanena, je ka ƙwanƙwasa musu ƙofa

Wani ɗan uwa ya rubuto: "Salam Yaya. Ni ɗan Maraɗi ne, shekara biyu kenan da zuwanmu Amurka ta lotirin biza, ni da maiɗakina da yara biyu, muna Pennsylvania. Aikin dare nake a sito, haya da kuɗin ɗumama ɗaki sun cinye albashin, ga gida kullum waya. Maƙwabciyarmu ta ce mu je ofishin Community Action, to ni kunya nake ji kamar bara ce, kuma an ce wanda ya karɓi taimako ba zai samu zama ɗan ƙasa ba. Meye gaskiya?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da tsoron tukunna. Abin da mutane ke ta yayatawa ɗin nan sunansa public charge, wato a duba ko mutum zai zame wa gwamnati kaya, kuma ana yin wannan dubawar ne lokacin da mutum ke neman biza ko girin kad, wato katin zama na dindindin. Kai kuwa naka na aljihunka, kuma a neman zama ɗan ƙasa bayan shekara 5 ba da wannan ma'aunin ake aunawa ba. Inda za ka kiyaye shi ne tafiya gida, in ka je Maraɗi ka miƙe ƙafa har ka wuce kwana 180 to a filin jirgi za su iya ɗaukarka kamar mai neman shiga sabo. Dokokin nan kuma suna juyawa da juyawar gwamnati, dan haka kafin ka sa hannu a takardar taimakon kuɗi hannu da hannu ka ga lauyan shige da fice na gaske, ba ɗan majalisar bakin masallaci da ya haddace doka a WhatsApp ba.

Sai kunyar. Wallahi na gane, mu an rene mu a kan namiji ba ya miƙa hannu. Amma duba takardar albashinka ka ga harajin da ake yanka kafin kuɗin su iso ka, da irinsa ake tafiyar da ofisoshin nan na Community Action, masu tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi. Tun 1964 aka kafa su zamanin Shugaba Lyndon Johnson a yaƙinsa da talauci, yau sun kai kusan dubu, kuma doka ta ce aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kwamitin da ke jan ragamar kowanne wakilan masu ƙaramin ƙarfi ne na yankin. Kaga ba gidan wani Alhaji za ka tsuguna ba.

Su ma ba so suke ka dawwama a layinsu ba. Za su haɗa ka da ma'aikaci ɗaya ku zauna, ya duba shiga da fita, ya tambaye ka ina kake so ka kai nan da shekara ɗaya ko biyu, to nan ne namu da yawa ke yin asara, a karɓi taimakon kuɗin wuta a ce na gode a kama hanya. Na wutar ka nema, LIHEAP ake ce masa, yawanci kamfanin wutar ko gas ake biya kai tsaye, ka nema tun farkon sanyi dan kuɗin kan ƙare. Amma ka shiga da buri a bakinka, ka ce lasin tuƙa manyan motoci nake so, wato CDL, ko wata sana'ar hannu, ko su taimaka da kuɗin koyo ko su tura ka cibiyar da ke biya.

Inda na fi so ka kasa kunne shi ne maganar maiɗakinka, dan a saƙonka ban ji ka ce tana komai ba. Albashin sito ɗaya ba ya riƙe gida mai mutum huɗu a ƙasar nan, ko wa ya gaya maka. Akwai Head Start, makarantar share fage ce, kyauta, na yara 'yan shekara 3 zuwa 5, da Early Head Start na ƙasa da haka har da masu ciki, ana duba ko kuɗin shigarku bai wuce layin talauci ba, wanda a 2025 dala 32,150 ne a shekara ga gida mai mutum huɗu. Yara na can suna koyon baki, ita kuma ta shiga ajin Turanci, in kunnenta ya buɗe ta yi kwas ɗin kula da tsofaffi da marasa lafiya, CNA, na 'yan makonni ne. Ku zauna ku yi shawara da ita, kar ka yanke mata.

Lokacin cike takardun haraji ma kar ka kai wa mai shago ya yanke ka, tambayi ofishin shirin VITA na taimakon cike haraji, kyauta ake cikewa, kuma mai aiki da yara irinka sau da yawa gwamnati ce ke maido masa da kuɗi masu kauri.

Gida kuma, hmm. Iyaye dole ne, wannan ba a magana. Amma ka yanke abin da za ka iya duk wata ka faɗa wa Baba da bakinka, bikin ɗiyar ƙanin maƙwabci ya jira, ba za ka bar yara cikin sanyi dan a ce ɗan Amurka ya yi bajinta ba.

Ka kira 211, layin neman bayanin taimako, ka ba su lambar unguwarku su gaya maka ofishin da ke kusa. Ranar zuwa ka riƙe girin kad, katin Social Security na kowa a gidan, takardun albashi na watan da ya wuce, takardar haya da bil ɗin wuta na ƙarshe. In Turancin zai ba ka wahala ka ce a samo maka tafinta, ko na Faransanci ne. Allah ya buɗa, ka gaida iyali.