Al'adar 'yata ta ɗauke, malamarta ta ce haka fitattun 'yan rawar bale suke

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. 'Yata mai shekara 15 tana koyon rawar bale, wato rawar Turawa da ake yi a kan yatsun ƙafa, tun tana da shekara takwas, kuma burinta ta zama tauraruwa a babbar ƙungiya. Malamarta ta sa ta rage cin abinci kafin gwajin ɗauka. Yanzu wata biyar ke nan ba ta ga al'adarta ba, tana kuma kukan ciwo a doron ƙafarta. Malamar ta ce duk manyan 'yan rawa haka suka yi. Hankalina ya tashi, amma ba na so in ɓata mata makomarta.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin yi daidai da hankalinki ya tashi, kuma ina roƙonki ki kai yarinyar nan asibiti cikin wannan makon.

Sana'ar da take nema doguwar tafiya ce. Yawanci ana shiga ƙungiya tsakanin shekara 17 zuwa 19, a fara daga sahun baya, sannan a hau mataki-mataki. Marianela Nuñez ta shiga ƙungiyar Royal Ballet ta Landan a 1998, ta zama babbar tauraruwa a 2002 tana da shekara 20, kuma ta haura shekara 40 tana rawa. Misty Copeland kuwa sai da ta shekara 14 a ƙungiyar American Ballet Theatre ta Amurka kafin ta kai wannan matsayi a 2015. A ƙungiyar Opera ta Faris ana yin ritaya a shekara 42. Ke nan jikin da 'yarki take ginawa yau, shi ne zai ɗauke ta sama da shekara ashirin tana tsalle, tana sauka a kan yatsun ƙafa.

Abin da ya fi ɓata mini rai a aikin nan shi ne maganar da malamar ta faɗa, domin kusan kullum sai na ji ta daga bakin wata yarinya, wai ɗaukewar al'ada shaida ce cewa ana horo da gaske. Wannan magana ƙarya ce, kuma tana nakasa yara. Idan abincin da ke shiga ciki bai kai ƙarfin da horo yake cinyewa ba, jiki yakan fara tsimi, ya dakatar da ayyukan da yake ganin za a iya jinkirtawa, kuma al'ada na cikin na farko. Tsayawarta alama ce cewa istirojin, wani sinadari na jikin mace, ya ragu, shi ne kuwa yake tsare ƙarfin ƙashi. Mace tana tara mafi yawan ƙarfin ƙashinta ne kafin ta cika shekara 20, kuma abin da ta rasa a wannan tsakani ba lallai ne ya dawo duka ba ko da daga baya ta koma cin abinci sosai. Tun 2014 Kwamitin Wasannin Olamfik na Duniya ya sanya wa wannan matsala suna RED-S, don haka malamar da ba ta san da ita ba har yanzu bai kamata a bar mata yara ba.

Na taɓa duba wata yarinya 'yar shekara 17 da ta shigo tana ɗingishi. Na danna yatsana ɗaya a ƙashi na biyu na doron ƙafarta, sai ta zabura tana hawaye. Hoto ya nuna ƙashin ya tsage, ga shi ba ta faɗi ba, ba ta kuma buge ba. Ta shekara guda ba al'ada, tana shan shayin rage ƙiba da ta saya a intanet, wani kuma ya ba ta ƙwayoyin tsarin iyali don jinin ya dawo. Masu wannan aika-aika ba su san cewa jinin da ƙwayar ke kawowa rufa-rufa ne kawai ba: uwa za ta ga jini ta kwantar da hankali, alhali yunwar tana nan, ƙashin yana ci gaba da lalacewa. Gwajin ɗaukar da aka sa ta yunwa dominsa ya wuce tana kan sandunan guragu. Yunwa mai tsanani tana iya taɓa bugun zuciya ma, abin da masu ba da irin wannan shawara ba sa taɓa ambatawa.

Ciwon da 'yarki take ji ya yi kama da wannan. Ta daina tsalle da tsayuwa kan yatsu har sai an duba ƙafar, kuma idan hoton farko bai nuna komai ba, ki nemi a yi MRI, wato hoton da ya fi nuna cikin ƙashi dalla-dalla, domin sabuwar tsagewa takan ɓoye a makonnin farko. Likita zai gwada jini don kore wasu dalilan ɗaukewar al'ada, zai kuma iya neman awon ƙarfin ƙashi. Ki haɗa ta da masanin abinci, ki kuma lura ko tana ɓoye abinci ko tana tilasta wa kanta amai, domin idan haka ne sai an sa likitan ƙwaƙwalwa a ciki.

Ita kuwa malamar, ki same ta da takardar likita a hannu, ki gaya mata cewa daga yau ba ita za ta riƙa ƙayyade wa 'yarki abinci ba. Idan ta ƙi, ki sauya wa yarinyar makaranta.